Ba Kowane Tashi Ne Tashin Gwauron Zabi Ba

Yau a kan kalma ɗaya za mu tsaya, kuma ta Turanci ce. Kada wanda bai yi nisa a boko ba ya ce zancen ba nasa ba ne, domin shi ne ya fi kowa ruwa da tsaki a ciki. Mai jin Turanci zai iya komawa tushen labari ya karanta da kansa. Wanda ba ya ji kuwa, abin da mai fassara ya miƙo masa shi zai karɓa. Da shi zai yanke shawarar ya sayar da geronsa ko ya ajiye, ya kwashe iyalinsa daga bakin kogi ko su kwana a nan, ya garzaya da yaro asibiti cikin dare ko ya jira gari ya waye.

Kalmar ita ce "surge". Duk mai leƙa jaridun Turanci na ƙasar nan ya saba ganinta a kanun labarai. Da ita ake ba da labarin farashin abinci, da ita ake ba da na masu kamuwa da kwalara, haka na ruwan kogi, na taron jama'a da na wutar lantarki. Idan labarin ya ƙetaro zuwa Hausa, a rediyo ko a Facebook ko a saƙon murya na WhatsApp, yawanci ɗayan biyu ake yi: ko a ce "an samu ƙaruwa", ko a ce abu "ya yi tashin gwauron zabi". Ra'ayinmu shi ne, duk wadda aka ɗauka cikin biyun nan aka mayar da ita madadi na dindindin, an cuci mai sauraro. Ta farko tana kwantar da hankali a inda ya kamata a miƙe tsaye, ta biyu tana tayar da hankali a inda babu abin tashin hankali.

Bari mu fara da abin da kalmar take nufi a wurin masu ita. Asalinta daga harshen Latin ne, daga wata kalma mai ma'anar tashi ko miƙewa, ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci sama da shekara 500 da suka wuce. Da ruwa aka fara saninta: ɓuɓɓugowarsa daga ƙasa, daga baya kuma igiyar teku mai tasowa ta yi gaba da ƙarfi. Wannan hoton na igiyar ruwa har yau yana cikinta. Idan Bature ya faɗe ta, abu uku yake nufi a haɗe: abin ya zo da sauri, ya zo da ƙarfin da ke ture abin da ya tarar, kuma ya wuce yadda aka saba. Sau da yawa akwai na huɗu a ɓoye, wato zaton abin zai ja da baya kamar yadda igiya ke komawa.

Tana da 'yan uwa da ake yawan cakuɗa su da ita. Akwai "spike", wadda asalinta tsini ne kamar na ƙusa, ana faɗarta ga abin da ya yi sama farat ɗaya ya kuma faɗo nan da nan. Akwai "hike", wadda a zancen kuɗi take nufin ƙarin da wani ya zauna ya yi da gangan. Su kansu Turawan sun san zaɓen kalma a nan ba wasa ba ne. A watan Janairun 2007, lokacin da Shugaba George W. Bush na Amurka ya ba da sanarwar tura ƙarin sojoji sama da 20,000 zuwa Iraƙi, da "surge" aka san matakin, domin tana sa mutum ya ji kamar abu ne na ɗan lokaci. 'Yan adawa suka ƙi ta, suka riƙa amfani da wata kalma mai nufin faɗaɗa yaƙi. Idan masu harshen suna ja-in-ja a kanta haka, bai kamata mu da muke juya ta zuwa wani harshe mu yi mata riƙon sakainar kashi ba.

Abin farin ciki shi ne Hausa ba ta da talauci a wannan fanni. Inda Turanci ya tara abubuwa biyar a kalma ɗaya, Hausa ta ba kowanne nasa suna, kuma kowane suna yana ɗauke da abin da ya kamata mai ji ya yi.

Mu ɗauki ruwa, tunda daga nan kalmar ta fito. Bahaushe yana cewa rafi ya kawo, kogi ya ciko, ya tumbatsa, ya yi ambaliya, madatsa ta ɓalle. Matakai ne kamar na tsani. Wanda ya ji "ya kawo" zai hana yara da dabbobi tsallakawa. Wanda ya ji "ya tumbatsa" zai fara ɗauke hatsi daga ƙasa. Wanda ya ji "ta ɓalle" ba ya tsayawa neman takalmi. Mu a nan Kazaure da Roni, ƙasar duwatsu, mun san yadda ruwa ke gangarowa ta kwazazzabai cikin ɗan lokaci, har rafin da yake a bushe da hantsi ya gagari tsallaka da la'asar, wani lokaci ma ba a yi ko yayyafi a inda kake tsaye ba. 'Yan uwanmu na Ringim, Auyo da Haɗeja kuma sun san abin da ke biyo baya idan damina ta yi nauyi, ruwa ya yi yawa a madatsun Tiga da Challawa.

A ambaliyar 2022 sama da mutum 600 suka rasu a faɗin ƙasar nan, fiye da miliyan ɗaya suka rasa matsuguni, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ranar 10 ga Satumba 2024, bayan madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri mutane suna barci. Ranar 29 ga Mayu 2025 Mokwa ta Jihar Neja ta ga nata, aka rasa rayuka sama da 150. To, a ce sanarwar gargaɗi ta fito da Turanci tana cewa ruwan kogi zai yi "surge", mai fassara ya ce "ruwa zai ƙaru". Me manomi zai ji? Albishir zai ji. A ƙasar da ake fita roƙon ruwa, ƙaruwar ruwa alheri ce. An faɗi gargaɗin, an kuma kashe shi a cikin jimla ɗaya.

Haka abin yake a zancen cuta. Hausa ta bambanta cuta ta ɓulla, ta yaɗu, ta ɓarke, ta zama annoba. A 2021 alƙaluman hukumar NCDC sun nuna sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, sama da 3,500 suka rasu, kuma Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara ne a kan gaba. Amai da gudawa irin wannan yana iya tsotse ruwan jikin mutum ya kashe shi cikin sa'o'i, alhali ruwan gishiri da sukari da saurin kai mara lafiya asibiti suna ceton mafi yawan masu kamuwa. Cuta ce da ake tsere da lokaci a kanta. Sanƙarau ma haka: a 1996 ya kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan, kuma a ɓarkewar da aka yi daga ƙarshen 2022 zuwa watannin zafi na 2023, mafi yawan waɗanda ake zaton sun kamu a Jigawa suke. Uwa a ƙauyen Gwiwa ko Babura idan ta ji "an samu ƙaruwar masu amai da gudawa", labari ta ji. Idan ta ji "amai da gudawa ya ɓarke a gari kaza, mutum kaza cikin kwana uku", a daren za ta tafasa ruwan sha.

Sai taron jama'a. Muna da tururuwa, muna da cincirindo, muna da cunkoso, muna da turereniya, muna da turmutsitsi. Jama'a na yin tururuwa zuwa filin Idi ko kallon hawan Sallah, wannan abin sha'awa ne. Turmutsitsi kuwa makoki ne. Masu nazarin irin wannan haɗari sun nuna cewa yawancin masu mutuwa a cikinsa matsi ne ke hana su numfashi, wasu ma a tsaye suke cikawa. Ba mu manta da Mina ba, ranar 24 ga Satumba 2015, inda alhazan Nijeriya da dama suka rasu, cikinsu har da fitacciyar 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf. A watan Disambar 2024 kuma, cikin mako guda, aka yi turmutsitsi a wuraren rabon tallafi a Ibadan, Okija da Abuja, gomman mutane suka mutu, da yawansu yara. Mai shirya rabon kayan azumi idan aka ce masa "jama'a za su ƙaru", tabarmi zai ƙaro. Idan aka ce masa "ana tsoron turmutsitsi", ƙofofi zai ƙara buɗewa, ya raba mutane layi-layi, ya sauya lokaci.

A wutar lantarki abin har da ban dariya. Wutar gida a ƙasar nan ƙarfinta bai kamata ya yi nisa da bolt 230 ba. Abin da masu wannan sana'a suke kira "surge" shi ne ƙarfin ya yi tsalle ya wuce kima na ɗan ƙanƙanin lokaci, sau da yawa bai kai ƙiftawar ido ba, kamar lokacin da aradu ta faɗa kusa da layi ko lokacin da aka dawo da wuta bayan an ɗauke. Idan aka fassara wannan da "ƙarin wuta", wa zai ji tsoro? Ai addu'ar kowa ke nan. Mutanen unguwa sun riga masu fassara samun amsa, suna cewa "wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona kaya". Wannan jimlar ta isa, kuma tana tafe da darasinta: a cire firji da talabijin daga soket idan ana tsawa, a ɗan jinkirta kafin a mayar da su idan an dawo da wuta. Sitabilaiza tana daidaita hawa da saukar da ke zuwa a hankali, amma ba kowace ce ke iya tare irin wannan tsallen ba.

Yanzu mu zo kan farashi, inda gwauron zabi ya zama ɗan gida. Maganar tana da kyau ƙwarai. Duk wanda ya taɓa firgita zabo a gona ya ga yadda yake tashi fir, ba shiri ba sallama. Amma saboda daɗinta a baki, an wayi gari kowane motsi na farashi da ita ake faɗarsa. Kwanon gero ya ƙaru da naira hamsin, gwauron zabi. Kuɗin mota ya ɗan motsa, gwauron zabi. Alhali tashin farashi iri-iri ne, kuma kowane iri da yadda ake tarbarsa.

Akwai hawa na al'ada, wanda kowane magidanci ya san lokacinsa. Hatsi na araha da kaka, ya fara hawa da rani, ya kai ƙololuwa a tsakiyar damina kafin sabo ya shigo. Rago na tsada gab da Babbar Sallah, sukari da kayan shayi gab da azumi, kuɗin mota daga Kano zuwa Kazaure da Daura a jajibirin Sallah. Wannan ba ba-zata ba ne, mai tanadi yana shirya masa tun da wuri. Akwai kuma hauhawa. Ku dubi ginin kalmar: hawa a kan hawa, ba tsayawa. Ita ce ta dace da abin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa take aunawa duk wata, wanda ya kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Hauhawa ba ta tashi fir, a hankali take cin albashi da jari kamar gara. Sai kuma tashin gwauron zabi na gaskiya, irin wanda aka gani a 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa, kwando ya ninka kuɗinsa sau da yawa cikin 'yan makonni. Ko irin cajin masu POS a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira.

Me zai faru idan aka kira hawa na al'ada da sunan gwauron zabi? Abu biyu. Na ɗaya, magana tana iya haifar da abin da ta faɗa. Saƙo ya zagaya cewa gero ya yi tashin gwauron zabi a Dawanau. Mai hatsi a ƙauye ya ɗaure buhunsa ya ce sai ya ƙara tashi, mai saye ya ruga ya sayi na wata uku maimakon na mako, kaya suka yi ƙaranci a kasuwa, farashin da bai tashi ba ya tashi. Talakan da ke awo kullum shi ke biyan kuɗin wannan jimlar. Mai ajiyar ma ba lallai ya tsira ba: a 2025 farashin hatsi ya sauko a kasuwannin Arewa, da yawa daga waɗanda suka saya da tsada suka ɓoye sun tafka asara. Na biyu, kunne yana sabawa. Kalmar da ake ji kullum tana dakushewa kamar wuƙar da ake yankan komai da ita. Ranar da abin gaske ya zo, ba sauran kalmar da za ta motsa kowa.

Akwai wani bambanci da Hausa take yi wanda a ganinmu ya fi duk waɗannan muhimmanci, kuma harafi ɗaya ne tak ya raba shi: ƙara da ƙaru. "An ƙara kuɗin mai" da "kuɗin mai ya ƙaru" ba magana ɗaya ba ce. Ta farko tana nuna akwai hannu, akwai wanda ya zauna ya yanke hukunci, akwai wanda za a iya tambaya. Ta biyu tana nuna abin ya faru ne kawai, kamar yadda ruwa ke ƙaruwa a rijiya. Kalmar "surge", da yake daga igiyar teku ta samo hotonta, ba ta nuna hannu. Igiya ba ta da ofis, ba ta da sa hannu a takarda. Duk mai fassarar da ya bi ta ido rufe zai riƙa rubuta "ya ƙaru" da "ya tashi" har a inda gaskiyar magana ita ce "an ƙara".

Misalan a gabanmu suke. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar ƙarshen tallafin mai a jawabinsa na kama mulki, cikin kwanaki kaɗan litar fetur ta bar ƙasa da naira 200 ta haura 500 a nan Arewa. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga masu rukunin A, ya koma naira 225 kowane ma'auni. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya su yi ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100. Ko matakan nan daidai ne ko ba daidai ba, wannan muhawarar wani mako ce, kuma a zauren nan akwai masu goyon baya akwai masu suka. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, dukkansu ƙari ne da aka yi, ba ƙaruwa ce da ta faɗo daga sama ba. Mai goyon baya ma ya fi buƙatar a faɗi haka, domin sai an san wanda ya yi abu ake jin hujjarsa.

Wuƙar kuma tana yanka ta ɗaya gefen. Idan tsutsa ta cinye gona, ko ambaliya ta shafe shinkafa, ko aka rufe iyaka kamar yadda aka yi bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 har ciniki ya ja baya a kasuwanni irin su Maigatari, sai wani ya rubuta "'yan kasuwa sun ƙara kuɗin kaya", to ya ɗora wa mai kasa tumatir a bakin titi laifin da ba nasa ba. Shi ma sayowa ya yi da tsada. Mun sha ganin yadda irin wannan rubutu ke jawo wa ƙananan 'yan kasuwa zagi da tsinuwa a ƙarƙashin labari. Saka "ƙaru" a gurbin "ƙara" yana wanke mai hannu, saka "ƙara" a gurbin "ƙaru" yana shafa wa mara laifi kashin kaji. Duka biyun rashin adalci ne, kuma da wasali ɗaya ake aikata shi.

Daga nan sai lissafi. Duk inda aka ce abu ya tashi, tambayoyi biyu ne ke biye: daga nawa zuwa nawa, kuma cikin wane lokaci? Masu cuta biyu su zama huɗu, ƙaruwa ce ta kashi 100 cikin 100. Masu cuta 2,000 su zama 2,600, ƙaruwa ce ta kashi 30 kacal, amma ita ce za ta cika gadajen asibiti. Kaso ba tare da adadi ba yana iya firgita mutum a banza, yana kuma iya lallashinsa a kan wuta. Haka aka yi ta ruɗewa a farkon 2025, lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta sauya ma'aunin da take lissafi da shi, alƙaluman hauhawa suka koma kashi 24.48 na watan Janairu. Wasu suka ɗauka ana cewa kaya sun yi sauƙi, suka je kasuwa suka ga ba haka ba, suka ce ƙarya ake yi. Alhali ko da ma'aunin bai sauya ba, raguwar hauhawa ba saukar farashi ba ce. Motar da ke hawa tudu idan ta rage gudu, hawan take yi har yanzu.

Mun san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Wasu za su ce harshe ba ya ci gaba sai an daidaita kalmomi, kowace kalmar ilimi ta Turanci ta samu takwararta guda ɗaya, yadda ɗalibi a Kazaure da ɗalibi a Maraɗi za su fahimci abu ɗaya. Mun yarda da wannan a kalmomin fannoni, kuma aikin da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta daɗe tana yi, har ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, abin a yaba ne. Amma "surge" ba sunan wani abu guda ba ne kamar sinadari ko gaɓar jiki. Siffanta yanayi take yi, kuma yanayin ruwa daban, na cuta daban, na kasuwa daban. Tilasta mata takwara ɗaya tamkar a ce makulli ɗaya zai buɗe kowane ɗaki a gida ne.

Wasu za su ce to a are ta mana, kamar yadda aka ari mota, asibiti da tebur. Aro ba aibi ba ne, Hausa ta ara daga Larabci, ta ara daga Turanci, ta kuma ƙaru da hakan. Sai dai ana aron abin da babu a gida ne. Mota baƙuwa ce lokacin da ta zo, ta zo da sunanta. Cikowar kogi da ɓarkewar cuta kuwa kakanninmu sun san su, sun raɗa musu suna tun kafin Bature ya iso. Wanda ke da rumbu cike ba ya zuwa maƙwabta aron tsaba.

Wasu kuma, musamman masu aikin labarai, za su ce lokaci ne babu. Labari ya shigo, saura minti goma a karanta shi, ga manhajar fassara a waya tana miƙo amsa nan take. Wannan uzuri ne na gaske, kuma duk wanda ya san yadda ake aiki a ɗakin labarai ba zai raina shi ba. Amma abin da muke nema ba ya cin minti goma. Tambaya uku ce: mene ne ya tashi, da wane sauri kuma daga nawa zuwa nawa, sannan akwai hannu ko babu? Wanda ya amsa su, kalmar da ta dace za ta zo masa da kanta, domin tun yana yaro yake jin ta a gida. Na'ura tana iya ba ka kalma, amma ba ta san cewa ƙaruwar ruwa albishir ce a kunnen manomin Roni ba.

Wannan nauyi ba na ma'aikatan rediyo kaɗai ba ne. A zamanin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a matsayin editanta na Hausa, masu juya labari zuwa Hausa 'yan ƙalilan ne, kuma akwai mai duba aikinsu kafin ya fita. Yau duk mai waya mai fassara ne. Ɗalibin kwalejin Hussaini Adamu da ya ga labari da Turanci ya juya shi ya tura zauren danginsu, malamin firamare da ake tambaya me jarida ta ce, ma'aikaciyar lafiya da ke yi wa mata bayani ranar awo, limamin da aka ba sanarwa ya karanta bayan sallar Juma'a, kowannensu edita ne, kuma babu mai duba bayansa. Magana zarar bunu ce, a waya kuwa ta fi haka, domin kafin ka gyara ta riga ta kai Babura ta dawo.

Saboda haka ga roƙonmu ga marubutan wannan zaure da masu karatunsa. Idan ruwa ne, a faɗi matakin da ya kai: ya kawo, ya tumbatsa ko ya ɓalle. Idan cuta ce, a bambanta ɓulla da ɓarkewa, a faɗi gari da adadi da kwanaki. Idan taro ne, kada a kira turmutsitsi da sunan yawan jama'a. Idan farashi ne, a duba ko hawan lokaci ne, ko hauhawa ce, ko ƙari ne da wani ya yi, a adana gwauron zabi sai ranar da ya tashi da gaske. Mai karatu kuma, idan aka turo masa labarin wani abu ya tashi, ya tambayi daga nawa zuwa nawa kafin ya tura gaba.

Muna kuma so a yi amfani da wannan dama a tara abin da ke bakin mutanenmu. Tabbas akwai kalmomin da tsofaffi a Gwiwa, Roni, 'Yankwashi da Babura suke faɗa wa cikowar rafi, ko tsadar hatsi, ko shigowar cuta, waɗanda ba mu ambata a nan ba. Duk wanda ya san wata ya ajiye mana ita a ƙasa, tare da garin da ake faɗarta da misalin yadda ake sa ta a jimla. Masu ganin mun tsaurara ko mun karkace, ƙofa a buɗe take, a zo da hujja.

Allah ya kare mu daga ambaliya da annoba, ya sauƙaƙa mana tsadar rayuwa, ya sa mu faɗi daidai mu ji daidai. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.